Sauya Girman Taya Don Hunturun Kanada: Jagora Ga Mai Ƙaramar Mota

Da watan Oktoba ya kama, tambaya ɗaya ce take yawan zuwa mini daga 'yan'uwan da suka zo karatu ko aiki a Kanada suka sayi 'yar motarsu ta farko. Mutum ya je shagon taya neman tayoyin hunturu, mai shago ya dubi motar ya ce a bar rim 16 da ta zo da shi a sa mata 15, a kuma rage faɗin tayar. Sai ya fito ya kira ni yana cewa, "Yaya, taimakona mutumin nan yake son yi, ko so yake ya sallama mini abin da ya kwanta masa a sito?"

Yawanci taimako ne. Amma ba kullum ba, kuma kana iya bambance su da kanka da biro da takarda cikin minti goma. Sauya girman taya ba laifi ba ne muddin tsayin tayar gaba ɗayanta bai sauya ba, kuma nauyin da take iya ɗauka bai ragu ba. Waɗannan biyun su ne ginshiƙi. Sauran bayanin duk a kansu yake jingina.

Me zai sa ka bar girman da motar ta zo da shi?

Dalili na farko kuɗi ne, kuma ba abin kunya ba ne a faɗe shi. Taya mai rim 15 ta fi ta 16 ko 17 araha, baƙin rim na ƙarfe ma haka. Tun da tayoyi huɗu za ka saya, ragin yana taruwa. Na biyu shi ne tsayin gefen taya. Idan rim ya ƙanƙance, robar da ke tsakaninsa da kwalta tana ƙaruwa, ita ce kuma take shanye dukan ramuka. Wanda bai taɓa ganin titunan Winifeg ko Mantiriyal a watan Maris ba, zai ɗauka ramin titi namu ne mu kaɗai. Ruwa yana shiga tsagar kwalta ya daskare ya faɗaɗa, ya narke, ya sake daskarewa, kafin bazara titi ya farfashe. Taya mai siririn gefe idan ta faɗa irin wannan rami tana yin ƙulu a gefe, ko rim ɗin ya lanƙwashe.

Na uku shi ne wanda aka fi yayatawa, wato siririyar taya ta fi riƙe hanya a dusar ƙanƙara. Akwai gaskiya a ciki, amma ana zuzuta ta. Direban da ya saba da hanyar Agadas zuwa Dirku ya san cewa idan aka shiga rairayi sai a rage iska, tayar ta baje, motar ta yi iyo a saman yashi. A dusar ƙanƙara mai laushi da caɓin da take zama idan an watsa gishiri, akasin haka ake nema. Ana son tayar ta tsaga caɓin ta taɓo ƙasa mai tauri. Faffaɗar taya tana tura caɓi a gabanta kamar garma har ta hau kansa, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Ƙaramar mota ba ta da nauyin da zai danne faffaɗar taya, shi ya sa maganar ta fi shafar mai Honda Fit ko Toyota Yaris fiye da mai jibgegiyar mota.

To amma a kan ƙanƙara mai sulɓi kamar madubi, ko a kan busasshiyar kwalta mai sanyi, siranta ba ta ƙara maka komai, tana ma iya rage maka kaɗan wajen taka birki. A Toronto kwanakin da za ka yi tuƙi a kan kwalta jiƙaƙƙiya sun fi waɗanda za ka yi cikin dusa mai zurfi yawa. Don haka ra'ayina shi ne a rage faɗi da mataki ɗaya, milimita 10, iyaka 20. Wanda ya wuce nan ya fara neman abin da babu.

Mataki na farko: buɗe ƙofar direba

Kada ka fara da karanta jikin tayar da ke kan motar, musamman idan ta hannu ka saya, domin mai ita na baya yana iya sa mata duk abin da ya samu. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da kamfani ya manna. Ita ke faɗin ainihin girman taya da yawan iskar da za a ba ta gaba da baya. Ɗauki hotonta.

Za ka ga abu kamar 205/55R16 91H. Lamba 205 faɗin taya ne a milimita. Lamba 55 ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen tayar kashi 55 cikin ɗari ne na faɗinta. Nan mutane da yawa suke ɓata, su zaci duk taya mai 55 tsayin gefenta ɗaya, alhali 55 na 205 ba ɗaya yake da 55 na 185 ba. Harafin R irin saƙar tayar ne, kusan duk na ƙananan motoci haka suke yanzu. Lamba 16 tsayin rim ne a inci, daga bakinsa na sama zuwa na ƙasa. Lamba 91 ta nauyi ce, harafin H na gudu ne, za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: lissafin tsayi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma na fi son ka yi shi da hannunka sau ɗaya ko da akwai shafukan intanet masu yi maka. Wanda ya taɓa yi da kansa ba a ruɗa shi a shago.

Ninka faɗi da kason gefe ka samu tsayin gefe ɗaya. Ninka shi biyu, domin akwai roba a sama da ƙasan rim. Sai ka mayar da rim zuwa milimita, kowane inci 25.4 ne, ka haɗa.

Ga 205/55R16, kashi 55 na 205 shi ne 112.75. Sau biyu, 225.5. Rim 16 sau 25.4 ya ba da 406.4. Jimla milimita 631.9. Wannan shi ne tsayin da aka gina motar a kansa.

Yanzu gwada 195/65R15. Kashi 65 na 195 shi ne 126.75, sau biyu 253.5, rim 15 kuma 381. Jimla 634.5. Bambancin milimita 2.6 ne kacal, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rim ya ragu da inci guda, faɗi ya ragu da milimita 10, gefen taya ya ƙaru da milimita 14, amma motar ba za ta ma san an sauya mata komai ba. Wannan shi ne sauyin da ake so.

Masu sana'ar taya suna aiki da ƙa'idar kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa. Ni ina ba da shawarar a tsaya cikin kashi 2, domin kowane kashi yana da abin da yake taɓawa. Mitar gudu ba ta ganin hanya, juyin taya take ƙirgawa. Idan tayarka ta fi ta asali tsayi da kashi 2, a inda da kake gudun 100 yanzu 102 kake yi, mitar kuwa ba ta sauya abin da take nuna maka ba. Mitar kilomita ma za ta riƙa rage ƙirga. ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki, da na'urar hana zamewa su ma daga juyin taya suke karanta abin da ke faruwa, kuma a hunturu ne ka fi bukatar su karanta daidai. Doguwar taya tana kuma sa ƙaramin inji ya ji nauyi wajen tashi, sannan tana cinye sararin da ke tsakaninta da madgad. Wannan sarari ba na banza ba ne a nan. Caɓi yana taruwa a wurin ya daskare ya zama dunƙule mai tauri kamar dutse, kuma idan babu wuri sai ka ji taya tana gurza lokacin da ka karya kwana.

Akwai masu ƙara tsayi da gangan don motar ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Ka tuna rabin bambancin kawai kake samu. Taya da ta fi tsayi da milimita 12 tana ɗaga mota da 6 ne, kaurin fensir. Ba shi zai fitar da kai daga dusar da ta kai gwiwa ba.

Mataki na uku: nemi girman da kamfanin ya riga ya yi amfani da shi

Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta da fargaba, ita ce ka duba ƙaramin ajin motarka ta shekara ɗaya. Kamfanoni suna fitar da mota ɗaya a aji-aji, mai tsada da manyan rim, mai araha da ƙanana, kuma sau da yawa birki da ƙafafun duk iri ɗaya ne. Corolla ta 2014 zuwa 2019 a Arewacin Amurka ta fito da 195/65R15, da 205/55R16, da 215/45R17, gwargwadon aji. Mai rim 17 tsayin tayarsa 625.3 ne. Idan ya sauka zuwa 195/65R15 ya ƙaru da kusan kashi ɗaya da rabi, kuma girma ne da Toyota da kanta ta ɗora wa motar.

Honda Fit, wadda ake kira Jazz a Turai, misali ne mai daɗin bayani. Babban ajinta ya zo da 185/55R16, tsayi 609.9. Ƙaramin ajin 2009 zuwa 2013 yana da 175/65R15, tsayi 608.5, kusan babu bambanci. Ƙaramin ajin 2015 zuwa 2020 yana da 185/60R15, tsayi 603, ƙasa da kashi ɗaya da ɗigo kaɗan. Ga mai Fit da ke zaune inda dusa take yawa, 175/65R15 nake zaɓa masa: ta fi siranta, gefenta ya fi tsayi, kuma ana samun tayoyin hunturu iri-iri a wannan girma fiye da 185/55R16. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa dalili, domin tayar da kake so ba a yin ta a girman motarka. Wasu suna sa wa Fit 185/65R15, mai tsayi 621.5. Ta ƙaru da kusan kashi 2, tana cikin ƙa'ida, amma tana bakin iyaka, kuma sai an gwada an tabbatar ba ta gurza.

Littafin mota yakan jera duk girman da aka yarda da su. Idan mai motar na baya bai ba ka ba, ana samunsa kyauta a shafin kamfanin.

Mataki na huɗu: lambar nauyi, inda araha take kayar da mutane

Lambar nan ta ƙarshe tana faɗin kilo nawa taya ɗaya take iya ɗauka idan an cika mata iska. 82 kilo 475 ne, 83 kilo 487, 84 kilo 500, 86 kilo 530, 88 kilo 560, 89 kilo 580, 91 kilo 615. Ƙa'idar ba ta da sassauci: sabuwar taya ta yi daidai da lambar da ke ƙofarka ko ta fi ta. Ba a sauka ko da ɗaya.

Ga yadda tarkon yake. Mai Corolla mai 205/55R16 ya ga 185/65R15 a farashi mai sauƙi. Ya yi lissafi, tsayinta 621.5, bambanci kusan kashi 1.6, ya ce ai ta shiga. Amma yawancin tayoyin wannan girma lambarsu 88 ce, ƙofarsa kuwa tana cewa 89 ko 91. Idan 91 ce, ya rasa kilo 55 a kowace taya, kilo 220 a motar baki ɗaya. Ranar da ya ɗebi iyali da buhun shinkafa da akwatuna ya hau babban titi, tayar tana aiki fiye da ƙarfinta, tana zafi daga ciki. Araha ba ta ado. Idan lallai wannan girman kake so, nemi wadda aka rubuta wa XL a gefe, wadda aka ƙarfafa don ɗaukar ƙarin nauyi, ka duba lambarta, ka kuma tambayi mai shago iskar da ta dace da ita, domin sai da isasshiyar iska take ɗaukar abin da aka rubuta mata.

Mai Fit ba shi da wannan damuwa. Tasa ta asali mai rim 16 lambarta 83, ita kuwa 175/65R15 yawanci 84 ce.

Harafin gudu ya fi sauƙi. Q kilomita 160 ne a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Tayoyin hunturu da yawa harafinsu yana ƙasa da na tayar da motar ta zo da ita, kuma an yarda da hakan muddin ba ka wuce iyakar ba. Babu mai hankalin da zai nemi 160 a kan ƙanƙara.

Mataki na biyar: rim ɗin kansa

A nan ne na taɓa yin asara. Shekarata ta biyu na sayi rim huɗu na hannu daga wani mutum, ramukan noti sun yi daidai, na biya na tafi. A wajen ɗaurawa aka ga ramin tsakiya ya yi wa cibiyar ƙafar motata kaɗan, rim ɗin ya ƙi zama. Mai sayarwa bai ƙara ɗaukar wayata ba. Tun daga ranar nake cewa abubuwa biyar ake dubawa, ba ɗaya ba.

Tsarin ramukan noti shi ne na farko. Ana rubuta shi kamar 4x100 ko 5x114.3, wato yawan ramuka da faɗin da'irar da suke kai a milimita. Fit 4x100 ce, Corolla ɗin da muka ambata 5x100, Civic ta shekarun nan 5x114.3. Akwai masu kama da juna har ido ba ya rabewa, kamar 5x114.3 da 5x115, ko 4x100 da 4x98 na wasu motocin Fiat. Rim ɗin zai shiga, noti zai ɗauru, amma a karkace yake cizo, kuma sannu a hankali yana kwancewa ko ƙusar ta karye. Kusan daidai ba daidai ba ne a wannan wuri.

Ramin tsakiya shi ne na biyu. Na Corolla milimita 54.1 ne, na Fit 56.1, na Civic 64.1. Ramin da ya yi ƙanƙanta ba shi da magani. Wanda ya yi girma ana cike shi da 'yan zobba da ake sayarwa don haka, in ba haka ba kana iya jin sitiyari yana kakkarwa a babban titi.

Na uku lambar da ke biye da haruffan ET, wadda aka buga a jikin rim. Ita ke nuna ko rim ɗin zai nutse ciki ko zai turo waje. Idan ya nutse da yawa taya za ta taɓa shokazoba, idan ya turo da yawa za ta taɓa bakin madgad ta kuma riƙa watsa wa jikin mota gishiri. Tsaya kusa da lambar rim ɗinka na asali, kada ka yi nisa da ita fiye da milimita 5 sai da gwaji.

Na huɗu birki. Ƙaramin rim dole ya rufe kan birkin gaba ba tare da ya taɓa shi ba. Ajin mota mai ƙarfin inji yakan zo da babban faifan birki, wanda rim ɗin ƙaramin aji ba zai hau kansa ba. Babu lissafin da ya kai a ɗora rim guda a ƙafar gaba a juya shi da hannu a saurara. Gani ya kori ji. Duk shagon da ya san aikinsa zai yi maka wannan kafin ya sa taya a rim.

Na biyar notin kansa, wanda kusan kowa yake mantawa. Bakin noti iri-iri ne. Rim ɗin alminiyam na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen baki da washa, na Honda bakinsa a zagaye yake kamar ƙwallo, yawancin baƙin rim na kasuwa kuma suna son mai baki kamar mazurari. Noti da bai dace da mazauninsa ba gefe kawai yake kamawa. Ka tambaya a fili: notina na yanzu zai yi, ko sai na sayi wasu?

Faɗin rim ma yana da iyaka ga kowace taya, amma idan ka bi girman ƙaramin ajin motarka wannan ya warware kansa. Saura na'urar auna iska da ke cikin taya. A Amurka doka ta wajabta ta a sababbin motoci tun 2007, a Kanada kuwa ba wajibi ba ce. Idan motarka tana da irin wadda ke maƙale a bakin bawul, sabon rim ba tare da ita ba zai bar maka fitila a kunne duk hunturu. Wasu motocin daga juyin taya suke gane raguwar iska, su sai dai a sake saita su bayan an sauya taya.

Mataki na shida: tayar da za ta hau rim ɗin

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan tayar ba ta hunturu ba ce ta gaske. Nemi hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa a gefen tayar. Wannan alama tana nufin an gwada ta a kan dusa ta ci jarrabawa. Haruffan M+S kaɗai ba su kai nan ba, fasalin zanen taya kawai suke nunawa. Sirrin tayar hunturu yana cikin robarta, wadda take zama da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, lokacin da robar taya ta yau da kullum take fara ƙandarewa, da kuma 'yan tsage-tsagen nan sirara da ke cizon ƙanƙara. Shi ya sa ma tayoyin hunturu da ke biyo kwantena cikin tayoyin tokumbo zuwa kasuwanninmu na gida ba su dace da zafin Kano ko Maraɗi ba. Wanda ya ga hoton dutsen nan a taya a gida sai ya yi hattara, yawanci ba don kwaltarmu aka yi ta ba.

Su ma tayoyin hunturu gida biyu ne. Akwai na tsananin sanyi da ƙanƙara, irin su Nokian Hakkapeliitta, Michelin X-Ice da Bridgestone Blizzak, akwai kuma waɗanda aka yi wa hunturun tsakiyar Turai mai ruwa da gudu a babban titi. Mazaunin Manitoba ko Saskacewan na farkon yake bukata. Kuɗin da ka rage wajen saukowa daga rim 16 zuwa 15, a nan ya kamata ka zuba shi. Taya mai kyau a girman asali ta fi taya marar kyau a girman da aka yi wa lissafi mafi kyau, nesa ba kusa ba.

Huɗu ake sa wa, iri ɗaya, girma ɗaya. Na sha jin mai cewa motarsa da gaba take ja, biyu a gaba sun isa. Gaba zai riƙe, baya ya sulale, motar ta juya da kai a kwana kana kallon inda ka fito. Idan ta hannu za ka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 3522 na nufin mako na 35 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zanen da ya sauka ƙasa da milimita 4 ya gama aikinsa a dusa ko da yana da sauran rai a kwalta.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Kebek wajibi ne motar da aka yi wa rajista a lardin ta kasance da tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Biritish Kolombiya ana bukatarsu a manyan hanyoyi da yawa tun daga 1 ga Oktoba. A Ontariyo ba dole ba ne, amma tun 2016 an wajabta wa kamfanonin inshora su yi ragi ga mai su, don haka ka kira naka ka sanar da su, ka kuma gaya musu idan girman ya bambanta da na asali. Tayoyi masu ƙusoshi suna da nasu dokokin, a Ontariyo mazauna arewacin lardin aka yarje wa. 'Yan'uwa da ke Jamus kuwa su yi hattara, domin can ba a sauya girma da ra'ayi. Girman da aka yarda da su suna cikin takardun motar, wanda ba ya ciki sai an kai an duba an amince, kuma tun Oktoban 2024 taya mai alamar dutse kaɗai ake ɗauka a matsayin ta hunturu.

Mataki na bakwai: ranar ɗaurawa

Kada ka jira dusar farko, ranar layin shago yakan kai mako biyu. Da ka ga sanyin safiya ya zauna ƙasa da digiri 7, lokaci ya yi.

Kafin ka bar shagon, karanta gefen kowace taya da idonka ka tabbatar girma da lambar nauyi su ne waɗanda kuka yi magana. Tayoyin hunturu da yawa suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya, ka duba duk huɗun suna kallon gaba. A ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi, ba da bindigar iska kaɗai ba. Corolla tana son 103 a Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, ƙananan Honda 108, naka yana cikin littafin motarka. Sannan ka karya sitiyari har ƙarshe dama, ka fita ka zura hannu tsakanin taya da madgad da robar ciki, ka sake yi hagu. Ka ɗauki mutum biyu a baya ka hau kan tudun rage gudu a hankali kana saurare. Duk gurzar da ka ji yau a busasshen titi, za ta ninka idan ƙanƙara ta cika wurin.

A hanyar gida ka buɗe manhajar taswira mai nuna gudu ka kwatanta da mitar motarka a 50 da 100, ka san bambancin ka riƙe shi a kai. Bayan kilomita 80 zuwa 100 ka koma a sake duba noti, domin sabon rim yana zama ya ɗan saki. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a kwanakin farko, kuma mai dogon gefe tana sa sitiyari ya ɗan yi laushi fiye da yadda ka saba. Ka nemi filin ajiye motoci da babu kowa ranar da dusa ta fara sauka, ka taka birki da ƙarfi a gudun 30, ka ji yadda feda take bugun ƙafarka idan ABS ya kama, don kada ranar gaske ka firgita ka ɗaga ƙafa.

Iska kuwa, idan girman da ka sa na ƙaramin ajin motarka ne, bi adadin da littafin ya ba wa wannan girman. Auna ta da safe kafin ka motsa motar. Duk saukar sanyi na digiri 5 zuwa 6 yana rage kusan psi ɗaya a ma'aunin iskar taya, don haka tayar da aka cika a shago mai ɗumi a watan Oktoba za ta yi ƙasa sosai a daren Janairu mai digiri 30 ƙasa da sifili. Sayi ɗan ma'aunin iska ka ajiye a aljihun ƙofa, ka duba sau ɗaya a wata da kuma duk ranar da sanyi ya faɗo farat ɗaya. Tayoyin bazarar da ka cire, rubuta wa kowace wurin da ta fito da alli, ka wanke su, ka jera su a inda rana da zafin hita ba sa kai musu har watan Afrilu.